Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Mai Alejin Abinci Zai Ci Biki Lafiya

Da zarar hutu ya ƙarato aka shiga hidimar bukukuwa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kan karkata ga cin abinci a gidan wasu. Mai alejin abinci, wato wanda garkuwar jikinsa ke ɗaukar wani furotin na abinci a matsayin abokin gaba, yana zaune lafiya muddin girki na hannunsa ko hannun wanda ya san lalurarsa. A lokacin biki kuwa tukunya ta koma hannun mutane da yawa, kwanuka na shigowa daga gidajen da ba a san me suka zuba ba, yara na musayar alewa, kowa hankalinsa na kan baƙi. Ga waɗanda muka zaɓo a wannan fitowa.

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 yana da alejin gyaɗa, likita ya tabbatar bayan gwaji. Za mu yi mako guda a gidan surukaina. Kakarsa tana ji da shi, amma ta ce ɗan kaɗan ba ya komai, wai a riƙa ɗanɗana masa har jikinsa ya saba. Ina jin nauyin yi mata musu. Yaya zan yi?
*Wata uwa*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jin nauyin surukarki tarbiyya ce, amma wannan magana ba ta cikin waɗanda ake haɗiyewa. Jikin ɗanki ya riga ya ƙera sinadaran kariya da ake kira IgE, suna zaune a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke fata, hanji da hanyoyin numfashi. Da furotin gyaɗa ya taɓa su, sai ƙwayoyin su saki histamin da danginsa gaba ɗaya: hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaya cikin nama ya kawo kumburi, hanyar iska ta tsuke. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana ɗauke da furotin wajen miligiram 250, kuma akwai masu kamuwa da miligiram biyu ko uku kacal. Abin da ya maƙale a bayan cokali ya kai haka.

Batun sabawa yana da asali, shi ya sa yake ruɗar mutane. Akwai magani irin wannan da ake yi a asibiti, ana farawa da ƙwayar miligiram da aka auna, ana ƙarawa cikin watanni, likita na tsaye da allurar gaggawa a gefe. Ɗanɗanawa a gida ba ta da awo, kuma ba ta da mai ceto.

Shawararmu ita ce mahaifin yaron ya yi wa mahaifiyarsa bayani tun kafin ku tashi, ta waya, ba a gaban faranti da baƙi na kallo ba. Ya faɗa mata abin da likita ya ce, ya kuma ba ta aiki: ita ce za ta hana kowa miƙa wa jikanta abinci sai ya bi ta hannunki. Kakar da aka mayar mai gadi ta fi wadda aka yi wa gardama amfani nesa ba kusa ba.

Ki tafi da abincin da kika amince da shi na kwana biyun farko, da kayan ƙwalam ɗinsa na kansa, don kada ya zauna yana kallon 'yan'uwansa na ci. Idan za ki tambayi mai girki, kada ki ce "akwai gyaɗa a ciki?", domin za a ce miki babu alhali da man gyaɗa aka soya, ko kuma kayan ƙamshin da aka barbaɗa na ɗauke da garinta. Ki ce "da me da me aka haɗa, wane mai aka sa?" A wajen taro kuma a sa babba guda ɗaya, da sunansa, ya lura da yaron na sa'a ɗaya ko biyu, sannan ya miƙa wa wani baki da baki. Inda kowa ke kallon yaro, ba mai kallonsa.

Zan karɓi baƙi kusan 20. Ɗaya yana da alejin ƙwai, wata kuma na jatan lande. Kicin ɗina ƙarami ne. Idan na tsame abin daga rabonsu, ko na dafa shi sosai, bai wadatar ba?
*Mai masaukin baƙi*

Bai wadatar ba, Hajiya, kuma nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Tsame jatan lande daga miya bai fitar da furotin ɗinsa ba, ya riga ya narke cikin romo. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma furotin ɗin da ke jawo aleji a gyaɗa, kifi da jatan lande yana jure tafasa da suya. Gaskiya ne wasu masu alejin ƙwai ko madara suna iya cin wanda aka gasa sosai cikin kek, sai dai likita ne ke tantance hakan da gwaji. Idan baƙonki bai ce miki an ba shi wannan izini ba, ki ɗauka babu.

Tsarin da ya fi sauƙi a ƙaramin kicin shi ne ki fara da abincin waɗannan biyun da safe, kafin ƙwai ko jatan lande su fito daga firiji. Ki wanke tukunya, wuƙa, ludayi da katakon yanka da ruwan ɗumi da sabulu, da sabon soso, domin tsohon soso yana riƙe ɓurɓushi. Cokalin katako mai tsagu da rariya da bulanda su ne suka fi ɓoye saura. A bulanda ki kwance wuƙar ƙasa da robar da ke zagaye da ita, a nan yake maƙalewa. Idan kin gama, ki zuba a mazubi mai murfi, ki rubuta sunan mai shi, ki ajiye a hawa na sama cikin firiji, don kada wani abu ya ɗigo masa daga sama.

Ki kula da man suya ƙwarai. Man da aka soya jatan lande a ciki ya zama haramiyar baƙuwarki, ko da dankali za a soya a cikinsa daga baya. Tururin tafasa jatan lande ko kifi ma yana ɗaukar furotin ya tashi da shi, yana iya sa mai aleji tari ko toshewar ƙirji, musamman mai asma. Kada ta shigo taya ki aiki a lokacin. Ƙwai kuwa gwanin ɓuya ne: yana cikin mayonis, da yawancin kek da biskit, da wasu taliya, da ƙullin da ake tsoma nama kafin a soya, har da ƙyallin da kike gani a bayan burodi, sau da yawa ƙwai ne aka shafa.

A teburi, kowane kwano da cokalinsa, kuma su biyun su fara ɗiba kafin layi ya taso. Bayan mutum goma sun wuce, cokalin salak mai mayonis ya ziyarci shinkafa, ba makawa. Kada ki zubar da kwalaye da ledojin kayan da kika yi amfani da su, ki ajiye su a gefe domin su karanta da idonsu.

Wani abu kan wanke hannu: ruwan goge hannu mai barasa ba ya cire furotin. A binciken da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka wallafa a 2004, sabulu da ruwa sun kawar da furotin gyaɗa daga hannu, shi kuwa wannan ruwan ya bar saura a hannun rabin waɗanda aka gwada. Sabulu dai, ga manya da yara, bayan an ci.

Ana kawo mana kyautar cakulan da biskit da yawa. Me zan duba a jikin kwali? Kuma idan an rubuta cewa "mai yiwuwa akwai" abu kaza, a ci ko a bari?
*Mahaifin yara biyu*

Malam, ka karanta jerin kayan haɗi daga farko har ƙarshe, kowane lokaci, ko da kayan da kuka saba saya ne. Kamfanoni na sauya haɗi, kuma ƙananan cakulan na musamman da ake fitarwa don biki wani lokaci a wata masana'anta ake yin su, da haɗin da ya bambanta da na babban. A kwalin da aka gauraya iri-iri, mai ƙwaya a ciki yana gogar marar ƙwaya.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amurka ta wajabta bayyana abubuwa tara: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, ƙwayoyin itatuwa irin su kashu da almon, alkama, waken soya, da riɗi, wanda aka ƙara daga 1 ga Janairun 2023. Tarayyar Turai tana da 14, ciki har da mustad da seleri. Wasu ƙasashe ba su kai haka ba, don haka ka san sunayen da abin ke ɓuya a bayansu: casein da whey madara ne, albumin ƙwai ne, tahini riɗi ne, arachis gyaɗa ce, marzipan kuma almon ne.

Rubutun "mai yiwuwa akwai" a yawancin ƙasashe ganin dama ne na kamfani. Yadda aka tsara jimlar ba ya nuna yawan haɗarin, kuma rashinta ba shaida ba ce cewa babu. Wanda ya taɓa yin mummunan kamu ya bar irin waɗannan, sai in likitansa ya ce masa akasin haka. Abin da ya zo ba takarda, kamar kek ɗin da aka yi a gida, in ba a samu wanda ya haɗa an tambaye shi ba, a ba wasu.

'Yata mai shekara 9 an rubuta mata allurar adirenalin mai kama da biro, amma tsoronta nake ji. Idan ta fara ƙaiƙayi nakan ba ta maganin ƙaiƙayi in jira. Yaushe ne ya zama dole a yi allurar?
*Wata uwa mai damuwa*

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a cikin duk wasiƙun, kuma muna roƙon kowa a gidan ya karanta amsar, har kawu da gwaggo.

Alamu kan bayyana cikin mintuna, yawanci kafin sa'a biyu. Idan borin jini ne kaɗai a wani sashe na fata, ko ƙaiƙayin baki, ko ɗan kumburin leɓe, yarinya na magana da wasa yadda ta saba, maganin ƙaiƙayi irin cetirizine ya isa, amma a zauna tare da ita, allura a hannu. Mummunan kamu, wanda likitoci ke kira anafilaksis, shi ne idan abin ya taɓa numfashi ko zagayawar jini: murya ta dushe, harshe ya kumbura, haɗiyar yawu ta gagara, tari ya ƙi tsayawa, numfashi na fita da ƙara, ko jiri, ko fuska ta koɗe jiki ya saki, ko suma. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Haka kuma idan sassa biyu suka kamu tare, misali borin jini ya game jiki ga amai a kai a kai. Yara ba sa cewa "maƙogwarona na toshewa"; za ki ji ta ce harshenta ya yi nauyi, ko wani abu ya tsaya mata a wuya, ko ki ga ta yi tsit tana sosa wuya. Kada kuma ki jira ganin ƙuraje, domin a cikin kowane kamu goma akwai ɗaya ko biyu da fata ba ta nuna komai.

Maganin ƙaiƙayi na ɗaukar rabin sa'a ko fiye kafin ya fara aiki, kuma fata kawai yake kwantarwa. Ba ya buɗe hanyar iska, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Adirenalin ne ke yin waɗannan biyun cikin mintuna: yana matse hanyoyin jini, ya sassauta hanyoyin numfashi, ya hana ƙwayoyin nan ci gaba da zubar da histamin. Abin da aka sha gani a rahotannin waɗanda suka rasu shi ne jinkirin allura ko rashinta. Idan kuwa aka yi ta alhali ba a buƙata, abin da zai biyo baya shi ne bugun zuciya da sauri, rawar jiki da ɗan koɗewa, su wuce cikin ɗan lokaci. In kina shakka, ki yi.

Ga yadda ake yi. Ki kwantar da ita rigingine ki ɗaga ƙafafunta. Idan numfashi na yi mata wuya ta zauna da ƙafafu a miƙe. Ki damƙi allurar a tafin hannu, babban yatsa kada ya hau kowane baki, domin masu gaggawa kan juya ta su soki kansu. A samfurin EpiPen, ki zare shuɗin murfi, ki dafa bakin mai launin lemo a gefen waje na tsakiyar cinya, ki danna da ƙarfi har ki ji ƙas, ki riƙe daƙiƙa uku. Samfurin Jext daƙiƙa goma ne, don haka ki karanta naki yau. Tana ratsa tufafi, a dai kauce wa ɗinki mai kauri da abin da ke cikin aljihu. A riƙe ƙafar yarinya gam, don kada ta fizge allura ta yage ta. Ki duba agogo, wani kuma ya kira motar asibiti nan take. Idan bayan minti biyar babu sauƙi, ki yi ta biyu a ɗaya cinyar. Dalilin da ya sa ake cewa a riƙa yawo da guda biyu ke nan. Mai asma a ba ta abin shaƙarta bayan allura, ba a madadinta ba.

Kada ta miƙe tsaye, kada ta taka zuwa mota ko da ta ce ta warke. A ɗauke ta a kwance. Miƙewa farat ɗaya a lokacin da jini ya faɗi na iya hana jini komawa zuciya. Kada a ɗura mata madara, mai ko ruwa, kada a sa ta amai. Asibiti dole ne ko ta wartsake sarai, domin ƙarfin allurar na raguwa, kuma a wasu mutane kamun kan dawo bayan sa'o'i ba tare da an sake cin komai ba.

Tsoron zai ragu idan kika nemi allurar gwaji, wadda ba ta da tsini ba ta da magani, kowa a gidan ya gwada a cinyarsa.

Za mu yi doguwar tafiya, mota sannan jirgi. Ina zan ajiye allurar? Kuma ɗan'uwana yana inda ba a samun irinta.
*Matafiyi*

A jikinka ko jakar hannu, Malam, ban da akwatin da za a loda. Adirenalin na son zafin ɗaki, wajen digiri 20 zuwa 25. Aljihun mota da rana yana lalata shi, firiji kuma bai dace da shi ba. Ka leƙa ƙaramar tagar da ke jikin allurar: ruwan ya zama garau kamar ruwan sha. In ya yi duhu ko gurɓi-gurɓi, a canza. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi makonni kafin tafiya, ka riƙe takardar likita don masu bincike a filin jirgi, ka tafi da abincinka, ka kuma goge teburin kujera da tsumma mai laima kafin yaro ya taɓa. Da kun sauka, ku san asibiti mafi kusa da lambar kiran gaggawa ta wurin.

Ɗan'uwanka ya nemi likitansa ya rubuta masa tsarin gaggawa. A asibiti ana amfani da adirenalin na kwalba mai ƙarfin miligiram ɗaya a mililita ɗaya, a tsokar cinya, miligiram 0.01 ga kowane kilo na nauyin jiki, kada ya wuce 0.5 ga babba. Kuskuren awo a nan yana da haɗari, kuma ba a yin sa ta jijiya a gida, don haka sai wanda ma'aikacin lafiya ya koya wa hannu da hannu. Akwai kuma na fesawa a hanci mai suna neffy, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Agustan 2024.

Duk lokacin da na sha madara ko ayis kirim cikina na kumbura ya yi ta ƙugi. Aleji ne?
*Wani ɗalibi*

Mai yiwuwa ba shi ba ne. Kumburin ciki, iska da gudawa ba tare da borin jini ko matsalar numfashi ba sun fi kama da ƙarancin laktes, sinadarin hanji mai narkar da sukarin madara. Yana da takura amma ba ya kisa, kuma ya danganta da yawan da ka sha. Likita zai bambance maka. Abin kiyayewa shi ne kada a miƙa wa mai alejin madara na gaskiya madarar da aka cire wa wannan sukari, domin furotin ɗin na nan daram, kuma nonon akuya ko na tunkiya ma yakan kama yawancinsu.

Shekarata 19. Sau biyu na ci kashu, bakina kawai ya yi ƙaiƙayi. Abokaina sun ce tunda bai taɓa yin tsanani ba, ba zai yi ba.
*Wani matashi*

Abokanka sun yi kuskure, ɗan'uwa. Kamun jiya ba ya faɗin yadda na gobe zai kasance. Abinci iri ɗaya, yawa ɗaya, yana iya zuwa da sauƙi yau ya zo da ƙarfi wata rana idan ya haɗu da motsa jiki kamar ƙwallo ko rawa, ko barasa, ko maganin ciwo irin ibuprofen da asfirin, ko mura, ko rashin barci, ko asmar da aka yi sakaci da maganinta. Duba jerin nan da kyau, kusan duka a makon biki suke haɗuwa. Matasa irinka suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, saboda kunyar tambaya a gaban abokai da barin allura a gida.

Ka bar kashu, ka bar pistashiyo ma domin dangin juna ne na kusa, har ka ga likita. Gwajin da ake dogara da shi shi ne na tsaga fata ko na IgE a jini, a haɗa da labarin abin da ya faru da kai. Gwajin IgG da ake tallatawa da sunan gano abincin da jiki ba ya so ba ya nuna aleji. Idan kuma ka ji alama a wajen taro, kada ka sulale banɗaki kai kaɗai ka kulle ƙofa. Ka faɗa wa na kusa da kai.

Jaririna yana wata shida. A taron dangi kowa na son ya sa masa abu a baki. In hana shi gyaɗa da ƙwai har ya girma?
*Sabuwar uwa*

A'a, 'yar'uwa, shawarar jinkirtawa ta tsufa. Binciken LEAP da aka yi a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa jarirai masu haɗarin kamuwa da aka fara ba su gyaɗa tsakanin wata 4 zuwa 11 sun samu raguwar alejinta da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Amma taron biki ba wurin farawa ba ne. Ki fara a gida, da safe, ranar da yake lafiya: abu ɗaya sabo, ɗan kaɗan a bakin cokali, ki jira minti goma, in babu komai ki ƙara, sannan ki sa masa ido na sa'a biyu. Ƙwai ya dahu sosai. Gyaɗa a niƙe ta sumul a sassauta da ruwan ɗumi, domin ƙwaya ɗungurungum tana shaƙe yaron da bai kai shekara biyar ba. Idan ya karɓa lafiya, ki ci gaba da ba shi sau biyu ko uku a mako. Idan yana da kircin fata mai tsanani, ko ya riga ya nuna alejin ƙwai, likita ya gan shi kafin gyaɗa ta shiga bakinsa. A wajen taro kuwa ki ce wa dangi kina gabatar masa da abinci ɗaya bayan ɗaya ne, ki miƙa musu cokalinsa da abincin da kika zo da shi su ba shi.